Kwafin Da Yaya Ta Tura

Shafi na 14

Masu bi na har saƙon sirri da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku bar wayata ta huta. Ke kuma da kika rubuto jiya kina cewa Yaya ta cika shisshigi, ki karanta wannan tukuna mu ga ko za ki iya maimaitawa.

*

"Me kika ce kin yi?"

Yaya ko ɗagowa ba ta yi daga kan keken ɗinki ba. Allura ce a bakinta, ta zare ta soke a wuyan rigarta.

"Na ce na tura. Jiya da kika tafi shago kin bar kwamfutar a buɗe. Na ɓare katin furodusan nan da kika liƙa a madubi shekara biyu har ya koɗe, na kwafi adireshinsa, na tura masa rubutun fim ɗinki."

"Yaya, wasa kike."

"Na yi miki kama da mai wasa da sassafen nan? Shekara huɗu kina abu ɗaya. Sai na gyara, sai na gyara, har ya zama sunanki a gidan nan. Na gaji da ganin ƙeyarki."

Na jawo kwamfutar. Na duba wajen saƙonnin da aka aika, wayam.

"Ba na ganin komai."

"Na goge bayan ya tafi. Na san halinki."

"To wanne kika tura? Fayil goma sha bakwai ne a nan."

Ta watsa min harara. "Na ƙarshe mana. Wanda kika sa wa NA ƘARSHE da manyan baƙaƙe. Jahila kika ɗauke ni?"



Duk wanda ya taɓa rubutu ya san fayil ɗin da aka sa wa "na ƙarshe" bai taɓa zama na ƙarshe ba. Bayansa akwai "na ƙarshe biyu", akwai "na ƙarshe da gaske", akwai "wallahi na ƙarshe". Wanda na gama goge shi tas, sunansa "gwaji". Shi kuwa NA ƘARSHE shekararsa uku, tun lokacin da nake rubuta wa kaina magana a tsakiyar labari da manyan baƙaƙe. NAN BAI YI BA. WANNAN MUTUMIN YA CIKA SURUTU. Irin waɗannan.

Da a nan ya tsaya da sauƙi, kunya ce kawai zan sha.

Fitowa ta talatin da ɗaya a fim ɗin ce matsalar. A wannan kwafin ba wasa na rubuta a wurin ba. Na rasa abin da zan sa ne wata rana, sai na zauna na amayar da abin da na gani shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da sunan Yaya na yanka, ban sauya ko harafi ba.

A satin da ɓarin jikin Mama ya shanye takarda ta zo wa Yaya daga makarantar koyon jinya. Ina da shekara goma sha uku, ina bayan labule. Na ga ta karanta sau biyu. Na ga ta ninke ta gida huɗu, ta jawo aljihun keken ɗinkin nan da take kai yanzu, ta ɗaga jaridar da aka shimfiɗa a ƙasa ta tura ta ciki. Ta goge fuska, ta shiga ɗakin Mama ta ce, "Mama, ban ci jarrabawar ba."

Ta ci. Na ɗauko takardar na gani da idona washegari.

Mu uku ne a gidan tun rasuwar Baba. Da ta tafi, ba mai juya Mama, ba mai yi mata wanka. Sai ta zauna. Har yau in ran Mama ya ɓaci takan ce, tana tsattsayawa, "Da kin mai da hankali kin ci jarrabawar nan, da yanzu ba zare kike tsinkewa da haƙori ba." Yaya ta yi dariya ta ce, "Ai kuwa, Mama."

Yaya ba ta san na sani ba. Mama ba ta san akwai abin sani ba. Yanzu ga shi Yaya da hannunta ta aika wa baƙon mutum, mutumin da sana'arsa ke nan mai da sirrin mutane abin kallo.

"Kin karanta kafin ki tura?" na tambaye ta.

"Shafi tamanin da takwas? Wa zai ba Mama magani? Wa zai gama rigunan mutane?"

Daga falo muryar Mama ta taso, a hankali kamar kullum, kalma ɗaya tana jiran 'yar'uwarta.

"Babba... wayar nan... ta yi shiru."

Yaya ta miƙe. Wayarta a hannun Mama take yini, tana jin shirye-shiryen rediyo. In kira ya shigo Mama ta danna da babban yatsa ta sa a sifika, tunda hannun ba ya kaiwa kunne. Ko masu kawo ɗinki sun saba, sai sun gaisa da Mama kafin a miƙa wa mai waya.

"Ina za ki ba ki karya ba?" Yaya ta ce da ta ga ina neman takalmi.

Ƙafa ɗaya ma a waje na ƙarasa saka ta.

*

Shagon buga takardu nake aiki, ina yi wa mutane taifin da fotokwafi. Ban ko leƙa ba, na bi ta matattakalar baya na hau sama, ɗakin Baba Edita. Shekara talatin yana yanka fim yana haɗawa, shi ya koya min yadda ake tsara fitowa, shi ya ba ni katin furodusan nan.

Yana zaune a duhu, allo biyu a gabansa, wata mata a cikin allon tana ta maimaita kuka ɗaya yana mai da ita baya.

"Sai-Na-Gyara. Wa ya biyo ki?"

Na gaya masa a tsaye. Ban gaya masa abin da ke fitowa ta talatin da ɗaya ba, na dai ce tsohon kwafi ne.

Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari.

"Baba, dariya ma kake?"

"To kuka zan yi? Ga mai kuka nan na ajiye." Ya nuna allon. "Zauna."

"Ba zan iya zama ba."

"To tsaya ki ji. Ranar da na ba ki katin nan me na ce miki?"

"Ka ce kar in tura sai na gama."

"Sai me?"

"Sai na ajiye shi wata guda ban duba ba, na dawo na karanta kamar na wani."

"Sai me?"

"Sai na ba mutum biyu da ba sa jin kunyata sun karanta."

"Kin yi?"

"Na yi."

"Yaushe?"



"Bara," ya amsa wa kansa. "Ni ne na ɗaya, matata ce ta biyu, kin san kuwa ba ta jin kunyar kowa. Muka ce miki ya yi. Kika koma kina ɗauke waƙafi daga nan kina mayarwa can. Wannan ba gyara ba ne, tsoro ne ya samu aikin yi. Yayarki ta dace da lokaci, kwafi ta kuskure."

"Zan rubuta wa furodusan. In ce ya yi haƙuri kuskure ne, ga na gaskiya."

Nan dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Kin san me ya sa ake ce masa Sau-Ɗaya?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Sau ɗaya yake karanta marubuci. Akwai wani da ya tura masa da safe, da rana ya turo gyara, da yamma ya turo gyaran gyara. Ya sa aka goge duka ukun. Ya ce wanda bai san ya gama ba, bai gama ba. Yau shekara shida mutumin nan yana aike, ko buɗewa ba a yi."

"To me zan yi?"

"Ki yi shiru ki bar shi. Tsohon kwafin ma ba zai yi laifi ba, na tuna wanda kika fara nuna min. Ɗanye ne, amma da rai. In ya kira ki, sai ki ce akwai wanda ya fi wannan. In kika riga shi magana, kin rufe wa kanki."

"Ba zan iya bari ya karanta ba."

"Saboda 'yan maganganun da kika rubuta wa kanki? Kowa yana yi."

"Akwai abin da ba nawa ba a ciki, Baba."

Ya tsayar da hoton. Matar allon ta tsaya da baki a buɗe.

"Na mai rai ne?"

"Eh."

"Ya san kin rubuta?"

"Ba ta sani ba."

Ya mai da tabaransa. "To ba ki zo neman shawara ba, kin zo ne in ce miki je ki. Ofishin nasa yana hawa na biyu, gini mai shuɗin gilashi. Amma ki sani, abin da za ki ajiye a can shekara huɗu ne."

Na duba wayata a kan matattakala. Ba kira, ba saƙo. Na ce a raina, irin waɗannan mutanen ai wata uku rubutu yake yi a wurinsu kafin su waiwaye shi. Ina da lokaci.

*

Motar haya ta yi ta tsayawa kamar da gayya. Kowace kwana sai an sauke wani, kowane mai sauka sai ya yi sallama da direba kamar za su rabu ke nan har abada. Na sauka tun kafin a kai, na ƙarasa da ƙafa.

Sakatariyar furodusan tana goge farce. A bayanta rubuce-rubuce ne jibge a kan wata kanta, an ɗaure su da roba, na ƙasan sun yi rawaya. Ganinsu ya ɗan sanyaya min rai.

"Sannu da aiki, Anti. Jiya an turo wani rubutu bisa kuskure, na zo ne a cire shi kafin ya kai ga oga."

"Sunan rubutun?"

Na faɗa.

Ta ajiye abin goge farcen. Ta kalle ni sama da ƙasa, sai ta fashe da dariya.

"Ke ce ƙanwar?"

"Wace ƙanwa?"

"Ai yau tun safe labarinku ake a ofishin nan. Mutane suna turo mana wasiƙa shafi uku, ni ne wane, na yi kaza na yi kaza. Yayarki layi uku ta rubuta, har na haddace." Ta gyara murya. "'Ƙanwata ta rubuta fim shekara huɗu tana gyarawa. In ba ka karɓa ba haka za ta tsufa tana gyara. Ni tela ce, na san rigar da ta gama.' Oga ya yi dariya har ya buga tebur."

"Ya... ya buɗe?"

"Ya ce in buga masa a takarda. Ƙarfe goma na miƙa masa, da zafinsa daga firinta."



"Waɗancan fa?" Na nuna na kan kantar.

"Waɗancan ba su da yaya."

"Yana ciki?"

"Ya tafi wajen ɗaukar fim, bayan gari. A mota yake karatu, direba na tuƙi. In abu ya kama shi ba ya ajiyewa."

Na kalli agogon bango. Ɗaya saura. Fitowa ta talatin da ɗaya tana wajen shafi na arba'in. Ko a hankali yake karatu kamar mai koyo, ya isa.

"Anti, don Allah ki ba ni lambarsa."

"Kina so a kore ni?"

"To ki kira min shi."

"Ba a kiransa in yana wajen aiki. Shi yake kira. In ya ga dama zai kira lambar da ke jikin saƙon."

Na sake duba wayata. Shiru.

"Ba ni takarda da biro."

Na rubuta a tsaye, rubutun yana karkacewa. Na ce na janye rubutuna, ban yarda a yi amfani da ko layi ɗaya ba, ina roƙo a yaga kwafin da aka buga. Na sa hannu.

Ta karanta, fara'ar ta gudu daga fuskarta.

"Ƙanwata, kin san in na ba shi wannan shi ke nan?"

"Na sani."

"Shekara biyar ina kan kujerar nan, ban taɓa ganin ya ɗauki rubutu da wuri haka ba. Ki je ki sha ruwa ki dawo. Ni ban ga komai ba."

Wallahi na so in karɓe. Hannuna har ya tafi. Na tuna ranakun da na hana kaina fita, bukukuwan ƙawaye da ban je ba, yadda nake hango sunana a farkon fim ina cikin yi wa mutane fotokwafi. Sai na tuna jaridar da ke ƙasan aljihun keke.

"Ki ba shi."

Ta ninke ta sa a ƙarƙashin abin danne takardu.

A bakin titi na tsaya na yi kukana, mutane suna ratse ni. Haushi nake ji, na Yaya, na kaina, har na Baba Edita da ya yi gaskiya. Da na tura "gwaji" tun bara da hannuna, da duk wannan bai faru ba.

*

Bayan la'asar na shiga gida. Mama tana kujerarta a falo, wayar Yaya a cinya, wani mai shiri yana ta bayani a kan ciwon ido.

"Auta... kin ci... abinci?"

"Na ci, Mama."

Ƙarya ce, ko ruwa ban sa a bakina ba.

Yaya tana ɗakin ɗinki, tef a wuya, tana yanka wani yadi ruwan toka. Ta ɗago da murmushi irin na wadda ta yi abin kirki tana jiran tukuici.

"An gama fushin? Ina kika yini?"

Na tura ƙofar na jingina da ita.

"Ofishinsa na je."

"Iye, su Sai-Na-Gyara an yi zuciya. Me ya ce?"

"Na janye."

Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi.

"Kin me?"

"Na rubuta takarda na ce na janye rubutun."

"Za ki tura masa wani?"

"Ba ya karanta mutum sau biyu."

Ta ajiye almakashin a hankali. Da ta yi ihu ma da ya fi min.

"Kin san haka kika janye."

"Eh."

"Ke wace irin yarinya ce? An buɗe miki ƙofa, kin sa hannu kin rufe, saboda waƙafi bai zauna daidai ba?"

"Ba waƙafi ba ne."

"To mene ne? Shekara huɗu ina hana ki wanki, ina hana ki girki, in ce bar ta tana rubutu. Mama ta kira, in ce ni zan je. Na ce ko ɗaya daga cikinmu ta fita daga ɗakin nan ta zama wani abu. Kin san zafin mutum ya ga hanya ya juya mata baya kuwa? Kin san yadda abin yake cin rai kullum, kullum?"

"Ke kin sani ai."

Ban shirya faɗa ba, fitowa ya yi.

"Me kike nufi?"

Na kalli aljihun keken. Ta bi idona. Na ga lokacin da ta gane, kafaɗunta suka sauka.

"Ina bayan labule ranar," na ce. "Na ga kin ninke ta gida huɗu."

Ta zauna a kan kujerar keken. Ta rage murya har da ƙyar nake ji.

"Shekara goma sha ɗaya kin sani?"

"Eh."

"Kina zaune Mama tana min gori, kina ji?"

"Ina ji."

"Ba ki taɓa..." Ta haɗiye. "Gara da ba ki faɗa ba. In ta ji ita ce dalili, ba za ta yafe wa kanta ba. Likita ya ce kar a tayar mata da hankali. Kin ji ko? Ko bayan raina."

"Yaya."

"Mene ne kuma?"

"Na rubuta."

Ta ƙura min ido.

"A cikin wanda kika tura. Fitowa ta talatin da ɗaya. Ba don fim na rubuta ba, ya yi min nauyi ne na rasa wanda zan gaya wa. Na cire shi a duk kwafin da suka biyo baya. Wannan ɗin ne kaɗai..."

"Da sunana?"

"Da sunanki. Da makarantar. Da aljihun."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Sai kuma ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Ni na tura."

"Ba ki sani ba."

"Ni na zauna ina neman haruffa da yatsa ɗaya, na tura wa ƙato sirrina, har ina jin daɗi na yi dabara." Ta share ido da gefen tef. "Shi ya sa kika janye?"

Na gyaɗa kai.

"Shashasha. Kin zubar da shekara huɗu saboda takardar da ta riga ta mutu."

"Ke kin zubar da nawa?"

Ta miƙo hannu ta kama nawa ta matse, tafin nata duk ya yi kanta. Tun ina ƙarama rabon da ta riƙe ni haka.

"Ya karanta?"

"Ban sani ba. Tun ƙarfe goma yake hannunsa. Sakatariya ta ce in zai yi magana zai kira lambar da ke jikin saƙon. Ga wayata, tun safe ko ƙara ba ta yi ba. Wataƙila bai kai wurin ba. Wataƙila ya gaji ya ajiye."

Hannun Yaya ya yi sanyi a cikin nawa.

"Auta."

"Na'am?"

"Ba lambarki na sa ba."

"Ta wa kika sa?"

"Na san ko ya kira ba za ki ɗaga ba, za ki ce sai kin shirya. Sai na sa..."

A falo, muryar mai shirin ciwon ido ta katse. Waya ta fara ƙara.

Yaya ta ture kujera. Ni na riga ta ƙofa, amma na jingina da ita ɗazu har sakatar ta faɗa, ga hannuna ya jiƙe da zufa. Na ja, ta ƙi. Yaya ta ture ni ta ja.

Ƙarar ta tsaya. Mama ta ɗaga.

Muryar namiji ta cika gidan, mai sauri, irin ta mutumin da bai saba jiran amsa ba, ana jin iskar mota a bayansa.

"Salamu alaikum. Yayar marubuciya ko? Telar da ta turo min rubutu?"

Mama ta fara haɗa sallamarta. Kafin kalmar farko ta gama fita ya wuce.

"Baiwar Allah, tun rana nake so in kira ki, aiki ya riƙe ni. Ni dai na san ba ki karanta abin da kika turo ba. Ƙanwarki marubuciya ce, wannan ba shakka, ki ce mata ina nemanta. Amma kafin nan ke nake so in tambaya, don wurin bai yi min kama da ƙirƙira ba."

Sakatar ta buɗe. Muka fito a guje, Yaya ta yi tuntuɓe da kwandon zare, ya watse a tsakar ɗaki.

"Mama, kawo. Mama, tawa ce, kawo."

Mama ta ɗora lafiyayyen hannunta a kan wayar. Ba ta danne ba, ta dai rufe ta.

"Da gaske ne kin ci jarrabawar makarantar jinya," muryar ta ci gaba daga ƙarƙashin yatsunta, "kika ɓoye takardar a aljihun keke, kika ce wa mahaifiyarku kin faɗi don ki zauna ki yi jinyarta? Har ta rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe, KAR MAMA TA TAƁA JI. Shi ya sa na ce bari in kira ki ke kaɗai tukuna. Kina ji na? Baiwar Allah?"

Ba wanda ya motsa. Wani ƙullin zare ja yana ta gangarawa har ya daki ƙafar kujerar Mama ya tsaya.

Mama ta sa babban yatsa ta kashe wayar.

Ba ta kalle ni ba. Yaya take kallo, ɓarin fuskarta mai motsi yana rawa. Yaya ta durƙusa a wurin, tef ɗin yana lilo a wuyanta.

"Mama, fim ne. Labari ne kawai Auta ta..."

"Babba."

"Na'am, Mama."

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin Mama ta haɗa magana ba tare da ta tsaya a tsakiya ba, sai yau.

"Tashi ki ciro min aljihun keken nan."